Daga yaron mota zuwa direba: shawara ga matasanmu da iyayensu

Kowace kaka, idan gingimari ta shigo ƙauye ɗaukar masara, doya ko dankalin Turawa, za ka ga samari sun kewaye ta suna kallon direba. Da yawa daga cikinsu suna sha'awar wannan aiki, musamman waɗanda gonar gida ba ta ishe su ba. Tuƙi sana'a ce mai kyau. Ta wurin direbobi ne amfanin gonarmu yake kaiwa kasuwa, taki da magani kuma suke iso mana. Amma aiki ne da rayukan mutane suke hannun mai yinsa, don haka ba a shigarsa da gaggawa. Ga matakan da ya kamata saurayi ya bi, da abin da iyaye da ikkilisiya za su yi masa.

A zaɓi maigida na kirki

Yawancin direbobin manyan motoci sun fara ne da zama yaron mota, wanda ake kira karen mota. Shi ne mai wanke mota, ɗaure tamfol, sa waigi a bayan taya, da gadin kaya da dare. A nan yake koyon canza taya da gane ƙarar inji idan ta sauya. Wannan koyo yakan ɗauki shekaru. Yaro kuwa yana ɗaukar halin maigidansa tare da tuƙinsa. Kafin iyaye su ba da ɗansu, su bincika: direban yana shan ƙwaya ko barasa? Yana kula da iyalinsa? Yaran da suka zauna da shi a baya sun zama direbobi? A yi magana a gaban shaidu a kan abinci, kuɗin kashewa, da lokacin da za a fara ba yaron sitiyari.

A nemi lasisi ta hanyar gaskiya

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce mai buga lasisin tuƙi. Tana aiki tare da jami'an VIO masu gwada tuƙi, da ofishin haraji na jiha inda ake biyan kuɗi. Sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma yi makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita. Lasisi aji-aji ne. Na ƙaramar mota bai ba mutum izinin jan tirela ba, domin tirela da tanka mai jan jiki suna aji G. Mai neman lasisin tuƙin kasuwanci zai kuma kawo takardar gwajin lafiya, har da na ido. Idan wani a tasha ya ce kawo hoto da kuɗi in kawo maka lasisi gida, ka guje shi. Dole ne kai kanka ka je ofis a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lasisin jabu asarar kuɗi ne, kuma ranar da haɗari ya faru shi zai fara jefa ka cikin matsala.

Duba mota kowace safiya

Kafin ka tashi, ka duba baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, madubai da notunan taya. Manyan motoci da iska suke kama birki, saboda haka ka bar inji ya yi aiki har agogon iska ya cika kafin ka motsa. Idan ka ji iska tana yoyo, kada ka kama hanya sai bakanike ya gyara.

Taya ma tana da shekaru. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Tsohuwar taya tana iya fashewa da zafin kwalta ko da zanenta bai cinye ba.

Gudu da gangara

Dokar hanya ta ce tirela da tanka kada su wuce kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a hanya mai tagwaye. Tun 2017 hukumar take tilasta wa motocin kasuwanci sa na'urar taƙaita gudu. Dalili a fili yake: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Lodin da ya wuce kima yana ƙara wannan nisa, yana kuma sa mota ta kife a kwana.

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo da motocin da suka faɗi a wurin. A irin wannan gangara, sa ƙaramar giya tun kana sama, ka bar inji ya riƙe motar. Idan ka dinga danna birki kaɗai, zai yi zafi ya daina kamawa. Wasu sukan cire giya ko su kashe inji a gangara don su rage shan mai. Wannan wasa ne da rai, gama idan inji ya mutu iskar birki ba ta ƙaruwa. Haka kuma, kada ka ɗora fasinjoji a kan kaya ko dabbobi, ko da 'yan garinku ne suka roƙe ka. Idan haɗari ya faru, lambar kiran hukumar ita ce 122.

Barci da ƙwaya

Barci ba ya jin magani sai a yi shi. Hukumar tana ba da shawara direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa 4 na tuƙi. A tashoshi za a tallata maka taramol da jiƙe-jiƙe, a ce suna hana gajiya. Suna ɓoye gajiyar ne kawai, ido a buɗe amma hankali ya yi nisa, kuma wanda ya saba da su da wuya ya daina. Idan mai mota ya matsa maka ka isa Legas ba hutu, ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Gara kaya su makara da a kai gawa gida.

Gida da nisan hanya

Direba yakan yi mako biyu ko fiye bai ga iyalinsa ba. A wuraren kwana irin su Mararrabar Jos, Tafa da Ogere, akwai kaɗaici, akwai kuɗi a aljihu, kuma ba wanda ya san shi. Ta haka ne ƙwayar cutar ƙanjamau ta shiga gidaje da yawa. Ɗan'uwa, ka riƙe alkawarin aurenka. Ku je gwaji kai da matarka. Tun 2006 ake ba da maganin rage ƙarfin cutar kyauta a asibitocin gwamnati, kuma mai shan maganinsa kullum yana rayuwa da ƙarfi yana aikinsa. Kada ikkilisiya ta ƙyamaci wanda aka same shi da ita.

Batun kuɗi ma yana bukatar gaskiya. Sayar da man mota a ɓoye ko rage buhu daga kaya sata ce, ko da abokan aiki sun mai da ita al'ada. Ka ƙirga kaya, ka karanta takardarsu kafin ka sa hannu. Ka ware abin da za ka aika gida da abin da za ka ajiye, domin akwai ranar da mota za ta kwana gareji babu shiga.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Dattawa su taimaki iyaye wajen neman maigida mai amana. Ƙungiyar adashe tana iya ranta wa saurayi kuɗin makarantar tuƙi da lasisi, ya biya a hankali. Zumuntar mata su riƙa ziyartar matan direbobi. Idan aiki ya hana direba zuwa sujada ranar Lahadi, fasto ya kira shi a waya ya yi addu'a tare da shi maimakon a tsawata masa. A kuma gayyaci tsohon direba ya yi wa zumuntar matasa magana.

Tambayoyi don tattaunawa

Ku karanta Luka 16:10-12 tare, sa'an nan ku tattauna:

1. Su wane ne direbobi da yaran mota a ikkilisiyarmu? Yaushe muka nemi jin lafiyarsu?
2. Me direba zai yi idan mai mota ya ce ya tafi da taya ko birki mara kyau?
3. Wane taimako za mu iya ba saurayi ɗaya a wannan shekara don ya sami lasisi na gaskiya?