Kada Ku Zuba Iliminku a Manhajar da Ba Ku San Ƙofar Fitarta Ba

Malaman jami'a, ɗalibai masu rubuta kundin digiri, 'yan jarida da lauyoyi, don Allah ku dakata. Da yawa daga cikinmu sun daina rubuta bayanan aikinsu a littafi, sun koma zuba su a manhajar waya da kwamfuta, kuma yawanci ba a zaɓi manhajar ba sai don an ga ana yayinta. Abin da mutum ya shekara goma yana tarawa zai iya kuɓuce masa cikin 'yan makonni. Ya riga ya faru da wasu.

Dubi Evernote, wadda a da ita ce kan gaba a wannan fage. A ƙarshen 2022 kamfanin Bending Spoons na Italiya ya sanar da sayenta. A 2023 aka sallami mafi yawan ma'aikatanta na Amurka, sannan a Disambar shekarar aka taƙaita masu amfani da ita kyauta ga rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Wanda ya riga ya tara dubbai ba a goge masa komai ba, amma ba shi da ikon ƙara ko ɗaya sai ya biya. Ga wanda albashinsa naira ne, wanda ya ga yadda ta zube tun tsakiyar 2023, biyan kuɗin waje duk shekara ba ƙaramin nauyi ba ne.

Wannan ma da sauƙi, tunda manhajar tana nan. Omnivore, da ake adana maƙaloli a cikinta ana ja musu layi, ta rufe a Nuwambar 2024 bayan masu ita sun koma kamfanin ElevenLabs, kuma 'yan makonni kawai aka ba mutane su kwashe kayansu. Kamfanin Mozilla ma ya rufe manhajarsa ta Pocket a Yulin 2025. Notion kuwa ta daina hulɗa da mazauna Rasha a Satumbar 2024 saboda takunkumin Amurka. Ɗalibin da ke can bai yi wa kowa laifi ba, siyasar da ba ruwansa da ita ce ta shiga tsakaninsa da rubutunsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sakankancewa da cewa ai akwai maɓallin fitar da bayanai. Ku danna shi ku gani da idonku. A Notion za a ba ku dunƙulen fayil, kowane shafi da doguwar jelar haruffa da lambobi manne a sunansa, teburan da kuka sha wahalar tsarawa sun zama jeri tsura. Evernote tana ba da nata a tsarin ENEX, wanda ba ya karantuwa da daɗi sai an shigar da shi wata manhajar. Gara a gano haka yau, da kwanciyar hankali, da a gano shi ana saura kwana uku a rufe.

Ni a ganina, duk mai aikin ilimi ya fifita manhajar da ke ajiye rubutu a kan na'urarsa. Obsidian tana ajiye kowane rubutu a matsayin fayil ɗin Markdown, wato rubutu zalla da ko Notepad zai buɗe, babu data, babu shiga asusu. Joplin kyauta ce, kuma tana karɓar fayilolin ENEX kai tsaye. Sai dai a nan tsaron ya dawo wuyanku: a sace kwamfutar ko ta lalace, babu kamfanin da zai dawo muku da komai in ba ku da kwafi a wani wuri.

Saboda haka kada makon nan ya fita ba ku fitar da duk bayananku ba. Ku kashe data ku buɗe su, ku duba ko hotuna da takardun da kuka liƙa sun biyo, ku tabbatar ɓ da ɗ da ƙ ba su rikiɗe ba. Sannan ku ajiye kwafi biyu, ɗaya a filash, ɗaya a wurin da ba jakar kwamfutarku ba.