Kifi Na Neman Gurbi A Tukwanen Sabon Ibadan

IBADAN — Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a shekarar 1916, da cinikin shanu da goro ta ginu. Don haka nama ne ya saba zama jigon miya a gidajenta. Amma tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar Naira a 2023 ta sa magidanta sake lissafin cefane, kuma kifi ya shigo cikin lissafin.

Ta fuskar lafiya, dalilin a fili yake. Likitoci na ba da shawarar cin kifi kamar sau biyu a mako, domin yana gina jiki kamar nama, ba tare da daskararren kitsen da ke wahalar da zuciya ba. Kifi mai maiƙo, irin su titus da shawa, na ɗauke da man omega-3 mai taimakon zuciya. Ƙananan busassun kifaye da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miyar kuka ko kuɓewa kuwa, suna ƙarfafa ƙashin yara. Dafawa da gasawa sun fi soyawa cikin mai mai yawa amfani, ko da yake soyayyen ne ya fi kasuwa da dare.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne giɓin da ke akwai. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayyanawa sun nuna Nijeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai kai rabin haka ba.

Kifi na isowa Ibadan ta hanyoyi uku, kowace da abin da ke juya farashinta. Kifin ƙanƙara daga ƙetare yake zuwa ta tashoshin jiragen ruwan Ikko, saboda haka dala ce ke yanka masa farashi, sannan kuɗin wutar ɗakin sanyi ya hau kai. Banda na tahowa daga Arewa, musamman Yawuri da yankin Tafkin Chadi, inda janyewar ruwa da rikicin Boko Haram suka gurgunta kasuwar Baga na tsawon shekaru. Ga kuma kuɗin mota. Ta uku ita ce tarwaɗar da ake kiwo a kududdufai a kewayen Ibadan. Ita ba ta da nisan tafiya, sai dai abincinta ne ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa, kuma masara da waken suya ke riƙe da farashin abincin.

A nan ne mutanen Sabo ke da rinjaye, domin sun daɗe da sanin fatauci tsakanin Kudu da Arewa. Sayen tarwaɗa a bakin kududdufi a yi bandarta na tsawaita kwananta ba tare da firji ba. Sharaɗin shi ne a busar da ita sosai, a kuma guji fesa mata maganin ƙwari, al'adar da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kanta saboda gubar da take kai wa cikin tukunya.