Renault 4: Kafin A Fesa Fenti, A Duba Ƙarfe

Akwai gidajen da har yanzu ake iske wata ƴar mota a bayan shigifa, tayoyinta sun lotse, kaji na kwana ƙarƙashinta, maigida kuwa ya ƙi sayar da ita ga ƴan gwangwan domin mahaifinsa ya bar masa. Sau da yawa Renault 4 ce, wadda Faransawa ke kira 4L. An fara ƙera ta a 1961, aka ci gaba har farkon shekarun 1990, kuma an fitar da sama da miliyan 8. A tseren Faris-Dakar na farko, a 1979, wanda ya ratsa Agadas da Yamai, wasu ƴan'uwa biyu masu suna Marreau suka shiga da irinta, suka zo na 5. Ke nan wanda ya ce zai raya ta ba wauta ya yi ba, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da muke jin tsoro shi ne kuɗin cefanen iyali su tafi a kan fenti, a bar ɓarna a ɓoye.

Jikin wannan mota ɗaure yake da kusoshi a kan shasi, ana iya kwance shi a ɗaga gaba ɗaya. Mai gyara na kirki daga nan yake farawa. Wurin da tsatsa ta fi ci shi ne ƙarafan shasi na baya, inda aka ɗaure hannayen da ke riƙe da ƙafafun baya, sai daɓen ciki da gindin ƙofofi. Idan ƙarafan nan suka ruɓe, ƙafa na iya karkacewa ana cikin tafiya da yara a baya. Maganinsa a yanke wurin da ya ruɓe, a yi waldar sabon ƙarfe. A nan Sahel rana ce ta fi cin fenti, amma motar da ta yi shekaru a titunan Turai da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara, ko ta daɗe bakin teku a Kwatano, da tsatsarta take zuwa.

Wani abin mamaki: tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ba ɗaya ba ce a hagu da dama, bambancin ya kusa santimita 5. Haka aka ƙera ta, saboda sandunan ƙarfe biyu da ke ɗauke da nauyin baya an jera su ɗaya a gaban ɗaya. Kada wani ya auna ya ce shasi ya lanƙwashe, ya kama ja.

Sai maganar mastik, kuma a nan ne ake cin amana. Aikinsa cike ɗan lotsawar da guduma ta bari, kaurinsa kada ya wuce milimita 2 ko 3. Amma mai gaggawa yakan cusa shi cikin rami, har da takarda a baya, ya goge ya fesa. Mun san wani maigida da ya karɓi motarsa tana sheƙi, kyan ɗan maciji, kafin damina ta biyu ƙofofin suka yi ƙuraje, fentin ya tsage. Ga dabara mai sauƙi: a naɗe maganaɗisu cikin ƙyalle a bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne ya yi kauri. Ya kamata kuma mai mota ya je ya gani da idonsa tun ƙarfe na tsirara, kafin a rufe shi.

Feshin kansa shi ne mafi ƙanƙantar aiki. Bayan an kankare, a shafa maganin tsatsa, a fesa fentin shimfiɗa, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a zuba launi sau 2 ko 3, ana barin kowanne ya sha iska. Ƙurar hunturu abokiyar gaba ce, shi ya sa ake yayyafa ruwa a ƙasa. Zafin bazara kuma yana busar da fenti tun bai kwanta ba, sai ya fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Da sanyin safiya aka fi dacewa.

Akwai kuma ƴaƴanmu da ke koyon sana'a a garaji. Fentin zamani da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa yana ɗauke da sinadarin isosiyanat, wanda ke haddasa asma, kuma ƙurar tsohon fenti tana iya ƙunsar dalma. Ƙyallen da yaro ke ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan tururi, madarar da ake ba shi bayan aiki ma ba ta wanke huhu. Duk uban da ya kai ɗansa wurin mai fenti, ya tambayi maigidan nasa ko akwai takunkumi mai matata, kuma yaushe aka sauya matatar.