Ɓoye Wa Majiyyaci Magani a Cikin Abinci: Yaushe Ya Halatta?

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna ɗaure wa likitoci da alƙalai kai, akwai sha'anin majiyyacin da tsufa ko taɓin hankali ya raba shi da tamyizi, wanda idan aka miƙa masa magani sai ya kau da kai ko ya tofar, har masu jinyarsa su ga ba su da wata dabara face su daka ƙwayar su zuba masa a abinci ba da saninsa ba. Niyyar ta alheri ce, amma aikin yaudara ne.

A Ingila, wani bincike da Dokta Treloar da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa, cikin gidajen tsofaffi da sassan asibiti 34 da aka bincika, kashi 71 cikin 100 sukan yi haka a wasu lokuta, alhali kaɗan ne daga cikinsu ke da rubutacciyar ƙa'ida a kai. Bayan haka ne wata doka ta 2005 kan ikon yanke shawara ta zo da usulan da ake bi a yau a Ingila da Wales, wato a ɗauki kowane baligi a matsayin mai ikon yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da mutane ke gani wauta ne ba shi zama hujjar gushewar hankali. In kuwa ikon ya gushe, to sai a nemi maslaharsa ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye 'yancinsa. A 2014 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta fitar da ƙa'idar aiki cewa kafin a ɓoye magani sai likita da masanin magunguna da dangi sun yi shawara, an rubuta hukuncin, ana kuma sake duba shi. A 2016, a shari'ar wata dattijuwa mai ciwon mantuwa, kotu ta jaddada cewa ɓoye magani kutse ne cikin haƙƙin mutum, musamman in maganin na sa barci ne.

Fiƙihun Musulunci ma bai bar wannan babi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa a jinyar ajali an ɗura wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magani ta gefen baki bayan ya yi ishara da kada a yi, da ya farfaɗo sai ya nuna rashin yardarsa ƙarara. Wanda kuwa aka ɗauke masa alƙalami saboda gushewar hankali, waliyyinsa ke tsaya masa, sai dai tasarrufin waliyyi a ɗaure yake da maslahar majiyyaci, ba da hutun mai jinya ba.

Akwai kuma hatsari na zahiri, domin wasu ƙwayoyin an yi su ne su riƙa narkewa sannu a hankali cikin jiki, in aka daka su sai ƙarfinsu ya sauka gaba ɗaya. Wanda ya ci rabin abinci ya sha rabin magani. Wanda kuma ya ji ɗaci ya gane, yakan ƙaurace wa abincin, ya daina amincewa da hannun da ke ba shi.

Saboda haka, ya kai mai jinyar mahaifi ko ɗan'uwa, fara binciken dalilin ƙin nasa, ko wahalar haɗiya ce, ko tsoro, ko illar maganin, ka kuma lallashe shi. In larura ta tilasta, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Je wurin likita, a tsaya iyakar larurar, ranar da hankalinsa ya dawo kuma a mayar masa da haƙƙinsa.