Bashi Da Amana Ne Suka Ɗaure Sabon Badun Da Yarbawa

Baƙon da ya sauka Badun daga Kano ko Sakkwato, ko da bai san kowa ba, ba ya kwana a tasha. Sabo zai tambaya. A can zai sami ɗan garinsu, shi kuma ya kai shi wurin wani maigida, a ba shi wurin shimfiɗa tabarma da tuwon dare. Unguwar ta kafu ne a 1916, bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fataucin goro da na shanu ya bunƙasa.

Mutane da yawa suna zaton harshe da addini ne kurum suka riƙe Sabo. Amma wani masani daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen unguwar a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969, ya nuna cewa babbar igiyar ita ce bashi.

Ga yadda cinikin shanu yake a wancan zamani. Falke ya kawo garkensa daga Arewa, ba ya jin Yarbanci, bai kuma san mahautan gari ba. Sai ya sauka gidan maigida. Dillalan maigida kuwa kullum suna kara, sun san kowane mahauci Bayarabe, sun san mai cika alkawari, sun san mai taurin bashi. Mahauci ya ja sa ba tare da ya biya ko sisi ba, ba takarda, ba sa hannu, sai ya yanka ya sayar, bayan 'yan makonni ya kawo kuɗi. In ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, shi ko mahaucin duk masu gida su juya masa baya, ba mai sake ba shi ko maraƙi. Watau Bahaushe ba ya cin riba sai Bayarabe ya yi ciniki, Bayarabe ba ya samun nama sai Bahaushe ya yarda da shi. Wanda kake bi bashi kuwa, ba ka so rumfarsa ta ƙone.

To, amma igiyar da ta ɗaure mutane wuri ɗaya takan ware su daga maƙwabta. A 1952, bayan ɗarikar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar, mutanen Sabo suka daina zuwa babban masallacin gari, suka koma yin Juma'a a nasu. Kansu ya ƙara haɗuwa, gaskiya ne, sai dai sahun da yake haɗa kafaɗar Bahaushe da ta Bayarabe kowane mako ya rabu. Kasuwa ce ta ci gaba da haɗa su.

Yau mai karatu ya san abin ya sake. Samari suna kwararowa cirani, wasu acaɓa, wasu dako, da yawansu ba su da maigida, ba mai tsaya musu, ba kuma Bayaraben da ya san sunansu. Irin wannan baƙo, ran da tsautsayi ya faɗa, ba a ganin mutum, ƙabila ake gani. An ga haka a Shagamu a 1999, har ramuwar gayya ta kai Kano. An sake gani a kasuwar Shasha, nan Badun, a watan Fabrairu na 2021, inda gardama kan kayan gwari da suka zube gaban wani shago ta zama asarar rayuka da ƙone rumfuna. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, jama'a da dama suka fake gidan Sarkin Shasha.

A ƙarshen watan, 'yan kasuwar shanu da kayan abinci na Arewa suka tsayar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko, alhali a Arewa sun rasa mai saye, suna ruɓewa a kwando. Farkon watan Maris aka sasanta, manyan motoci suka sake kama hanya.