Kwaya da 'Yan Amshi: Abin da Waƙar Haɗin Baki ke Koya wa Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

A darussanmu na waƙar baka mun saba ɗora hankalinmu a kan mutum ɗaya, wato jagoran waƙa. Mukan ce waƙar Shata ko waƙar Ɗanƙwairo, sai mu manta da mutanen da ke bayansu suna karɓa. Manufata a wannan maƙala ita ce in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga waƙar da mutane da yawa ke haɗa baki su rera, in kuma nuna cewa a nan ne ƙa'idojin da muke karantawa na tsawon wasali da karin sauti ke fitowa fili. Zan kafa hujja da abin da na sani a garinmu Bauchi: na yi shekaru ina cikin 'yan amshi a wata Islamiyya da ke Ƙofar Wambai, daga baya kuma na riƙa bin wani abokin karatuna zuwa wurin koyon waƙar cocinsu a Yalwa domin nazari.

Mece ce Kwaya?

Kwaya kalma ce da aka aro daga Ingilishi, ana nufin ƙungiyar mawaƙa da ke rera waƙa tare, galibi a coci. A kula wajen rubuta ta, domin da zarar an yi wa harafin farko lanƙwasa ta koma ƙwaya, magana ta canza ke nan.

Haɗa baki a waƙa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. 'Yan mata na yin sa a gaɗa, masu bege na yin sa a lokacin Maulidi, makaɗan fada kuma ba sa tafiya sai da 'yan amshi. Ko a cikin makaɗan ma akwai bambanci. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa. Yaran Shata gindin waƙa suke maimaitawa. Su kuwa yaran Ɗanƙwairo har ɗiyan waƙar suke karɓa su yi ƙari a kai. To amma a duk waɗannan, yawanci kari ɗaya kowa ke bi.

Abin da ya bambanta kwaya shi ne raba muryoyi gida huɗu. Akwai sofrano, muryar mata ta sama, wadda ita ke ɗauke da ainihin karin waƙar. Akwai alto, muryar mata ta ƙasa. Sai tena, muryar maza ta sama. Sai bas, muryar maza mai kauri. Kowane rukuni da nasa karin, amma kalmomin ɗaya ne, kuma tare ake furta su. Da alamomin do, re, mi ake koyar da su, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka zo da shi.

Me ya sa kwaya ta shafe mu? Saboda da Hausa ake yin ta. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya samu gindin zama a coci-cocin Arewa. A Bauchi za ka tarar da Basayi da Bajari da Angas a layi ɗaya, kowa da harshensa na gida, amma Hausa ce ta haɗa bakinsu.

Yadda Abin Yake Daga Ciki

Wanda bai taɓa tsayawa a layin masu rerawa ba zai ɗauka murya mai daɗi ita ce komai. A gaskiya kunne ya fi murya aiki. Darasin farko da malaminmu na Islamiyya ya koya mana shi ne: idan kana jin muryarka ta fi ta na kusa da kai, to ka ɓata waƙar. Wannan magana na sake ji daga bakin shugaban kwaya a Yalwa.

Na biyu shi ne numfashi. Ba a yarda kowa ya shaƙi iska a wuri ɗaya a tsakiyar dogon layi, sai dai a yi ta bi da bi yadda mai sauraro ba zai ji giɓi ba. Na uku shi ne farawa da tsayawa. Ranar taro, ko walimar sauka ce ko bikin waƙoƙin Kirsimeti a watan Disamba, babu lokacin da gaba ke faɗuwa kamar ɗan shirun nan kafin a ɗaga hannu. Mutum talatin sun yi makonni suna maimaici, amma ɗaya ya riga saura da rabin gaɓa, duk jama'a sai sun ji. Idan kuwa aka shiga tare, sai ka ji kamar ba kai ke waƙar ba, ita ke ɗauke da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda Harshe ke Shan Wuya

Matsala ta farko ita ce tsawon wasali. Mun san gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Yawancin tsofaffin waƙoƙin coci fassara su aka yi aka ɗora a kan karin Turawa, wanda aka tsara don wani harshe daban. Sai ka ji an ja murya a kan gajeren wasali. Ɗauki kalmar fasa, ta fasa tulu: in aka ja gaɓar farko, ta zama faasa, ta fasa tafiya. Haka gari da gaari, ko dafa da daafa. Mawaƙi ɗaya zai iya ɗan sace lokaci ya gyara, amma mutum talatin dole su bi abin da aka rubuta. Mai son zurfafawa ya nemi binciken Bruce Hayes da Russell Schuh da aka buga a 2019, a kan yadda ake daidaita nauyin gaɓa da bugun rerawa a karin rajaz na Hausa.

Matsala ta biyu ita ce karin sauti. Hausa na da karin sama da na ƙasa da faɗau, kuma su ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Kalmar raina tana yawan fitowa a waƙoƙin addini. In an fara ta da faɗau aka ƙare a sama, rayuwata ake nufi. In an fara a sama aka sauka ƙasa, ta koma raini. Tun a 1972 Paul Richards ya auna wata waƙar Hausa, ya ga karin waƙa na bin karin magana a wurare da yawa, amma ba ko'ina ba. A kwaya abin ya fi rikitarwa, domin a daidai lokacin da sofrano ke hawa, bas na iya sauka. Kalma ɗaya ke nan da kari biyu a lokaci guda. Abin da ke ceton ma'ana shi ne sauran kalmomin jimlar, da kuma yadda kunne ya fi bin muryar sama. Yarbawa sun daɗe da lura da wannan, T. K. E. Phillips na babban cocin Angilika da ke Legas ya yi littafi a kan kiɗan Yarbawa a 1953.

A lurata, ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun fi kauce wa wannan tarko. Su da Hausa suke ƙirƙirar waƙarsu tun daga tushe, ɗaya ta bayar saura su amsa, da tulu da caki, kamar dai gaɗa. Ko sun raba murya, tare suke hawa tare suke sauka, don haka kalma ba ta cika karyewa ba.

Kammalawa

Ga fili nan a buɗe ga mai neman batun kundin digiri. A nemi izinin shugabannin ƙungiya, a ɗauki waƙa biyu, ɗaya fassararriya ɗaya ƙirƙirarriya, a rubuta kowace gaɓa da nauyinta da karinta, sannan a ƙirga inda rerawa ta bi magana da inda ta saɓa. A yi haka ga waƙar Islamiyya ma, musamman wadda aka ɗora a kan karin Larabawa. Masu tsara waɗannan waƙoƙi suna buƙatar wanda zai nuna musu inda wasali ya ɗaɗe ko kari ya juye, kuma mu aka koya wa wannan aiki.