INA SABON ƊALIBI ZAI KWANA?

Kowace shekara, sa'ad da manyan makarantu suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan yi murna a gidaje da yawa na ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun. Uba ya sayar da buhun shinkafa ko ɗan rago a biya kuɗin makaranta, a ɗinka wa yaro riguna, uwa kuwa ta daka masa yaji ta soya ƙuli-ƙuli. Amma akwai tambaya guda wadda ba a kan tuna da ita ba sai yaro ya sauka daga mota da akwatinsa a ka, watau, ina zai kwana?

Malaman makaranta da akawunan da suka ga zamanin En'e, kafin ƙananan hukumomi su maye gurbinta a 1976, sun san a da babu wannan tambaya. Yaron da ya ci jarrabawa daga elementare aka kai shi Midil ta Sakkwato, makaranta ce ke ba shi wurin kwana da abinci, ta kuma sa shugaban gida ya lura da shi. Yau al'amari ya sake. Yaro daga Dakko yana iya samun shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, nan kusa da gida, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau wadda aka kafa a Talata Mafara a 1992, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013. In ya yi nisa, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga ta Ahmadu Bello ta Zariya. A manyan jami'o'in nan ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba, don haka samun shiga makaranta daban, samun makwanci daban.

Hanyoyi uku ne a gaban sabon ɗalibi: ya kama gado a ɗakunan kwana na cikin makaranta, ko ya kama hayar ɗaki a unguwar da ke maƙwabtaka da ita, ko ya zauna gidan ɗan'uwa a gari.

Ɗakin cikin makaranta shi ya fi araha, ya kuma fi kusa da aji da ɗakin karatu da masallaci da asibitin makaranta. Wanda ya kwana a ciki ba ya biyan kuɗin babur kullum, ba ya makara darasin ƙarfe takwas, in an ɗaga lokacin jarrabawa kuwa shi zai fara ji. A Samaru ta Zariya akwai gidajen kwana irin su Amina da Ribadu na mata, da Ɗanfodiyo da Akenzuwa na maza, waɗanda dubban ɗalibai suka kwana a cikinsu tun shekaru masu yawa. Aibinsa cunkoso. Ɗakin da aka tsara don mutum huɗu, sai ka tarar da 'yan raɓe sun ninka shi, ga layin ruwa da asuba, ga ɓacewar bokiti da takalmi. Galibi kuma ta intanet a ke neman gadon, wanda ya riga shi ya samu. Wanda ya yi jinkiri sai ya faɗa hannun masu kama gado su sayar wa sabon shiga da tsada, abin da dokar makarantu ta hana, in an gane kuwa mai saye da mai sayarwa duka su ke kwana a ciki.

Ɗakin haya yana da nasa daɗi. Yaro shi ke da mabuɗinsa, ya dafa abin da ya ga dama, ya yi karatu ba mai damunsa. Amma mai gida yakan nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, dillali ya karɓi la'ada, sa'an nan ga kuɗin ruwa da na wuta da na abin hawa. In aka lissafa duka, ɗakin da aka ce mai rahusa ne yakan ci fiye da kuɗin makarantar kanta. Gidan ɗan'uwa kuwa yana rage wa uba nauyi, sai dai ɗalibi yakan koma ɗan aike, ga nisa. Wanda ke kwana cikin birnin Sakkwato, darasinsa kuma yana mazaunin jami'a na dindindin da ke wajen gari, rabin safiyarsa a jiran bas zai ƙare.

Da lissafin kuɗi ne kaɗai, da maganar ta yi sauƙi. A ƙasar Zamfara akwai maganar rai. Ran 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, ƙauyen da ke daura da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da tsakar dare, suka fasa gidajen hayar ɗalibai mata, suka tafi da fiye da ashirin. A farkon Oktoban shekarar aka sake ɗauke ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a jihar Katsina, su ma daga gidan haya na wajen makaranta. Ba kuwa za mu ɓoye wa mai karatu cewa cikin makaranta ma an taɓa shiga ba. A Agusta 2021 aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata 4. Duk da haka akwai bambanci. Wanda ke ciki sunansa yana cikin littafin makaranta, akwai masu gadi, akwai hukumar da za a riƙe da alhakinsa. Wanda ke gidan haya a bakin daji, ƙyauren ɗakinsa ne kaɗai tsakaninsa da dare.

Saboda haka shawararmu ga sabon ɗalibi, musamman mace, ita ce ya nemi gadon cikin makaranta a shekararsa ta fari, ya daure da cunkoson, har ya san gari ya san mutane. In gado ya faskara, to, kada uba ya aika da kuɗi ta waya ya ce ya gama nasa. Ya shiga mota ya je da kansa, ko ya tura wa ko kawu, gama gani ya kori ji. Ya duba ko gidan yana tsakiyar unguwa ne ko shi ne na ƙarshe kafin gonaki. Ya duba katanga da ƙofa, ya tambayi inda a ke ɗebo ruwa, ya san ko mai gidan yana zaune a ciki. Ya gaisa da mai unguwa da limamin masallaci, ya damƙa musu amanar yaron. In da hali ya kwana a garin, ya ga yadda unguwar ta ke bayan sallar isha'i, don ɗakin da ya yi kyau da hantsi ba lalle ne ya yi kyau da dare ba.

Sauran magana ita ce abokin zama. Yaron ƙauye yakan so ya maƙale wa 'yan garinsu, wannan kuwa ba laifi ba ne a makonnin fari, sa'ad da kewar gida ke damunsa. Amma ya auna mutum da halinsa. Ɗan garinku mai kwana yawo ya fi baƙo mai tashi da asuba ya buɗe littafi haɗari, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Mutane da yawa a ɗakin kwanan makaranta suka fara zama da Bayarabe ko Ibo ko Tibi, suka yi abotar da ta amfane su har tsufa.

Malamai, ku ne iyayen Dakko da Damri da Rini ke kawo wa takardar shiga makaranta ku karanta musu. In kun karanta musu adadin kuɗi da ranar komawa, ku ƙara musu da maganar makwanci tun yaro bai ɗaure kaya ba. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba su ilmi mai amfani, amin.